Harkar da Nake Sa wa Albarka

Cikina ne ya murɗa da hantsin wata Talata, shi ya sa na ɗauko kwalbar. Kullum tana bayan akwatin mijina, 'yar kwalbar roba mai ruwa baƙi-baƙi, wadda ya ce min maganin basir ne da wani yake haɗa masa a Anacha. Na ce ai ciwon ciki ɗan uwan basir ne, bari in kurɓa. Ban ma haɗiye ba. Abin ya ƙona min harshe ya hau hanci, na tofar a bakin ƙofa, na tsaya da kwalbar a hannu.

A Asata aka haife ni, nan cikin Inugu, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, mu Hausawa ɗaki uku, sauran duk Ibo. Warin ogogoro, barasar da 'yan ƙasar suke dafawa, ba baƙona ba ne, na san shi tun ina wasan ƙasa a tsakar gida. Saiwoyi kawai aka jiƙa a ciki don ya yi ɗaci. Giya ce, a ɗakina, taku biyu daga inda nake shimfiɗa darduma. Wata goma sha huɗu ina goge wa kwalbar nan ƙura ina mayar da ita mazauninta.

Ni na zaɓe shi, gara in faɗi wannan tun yanzu. Daga wani ƙauye ya zo ta wajen Kano, yana tura baro a kasuwar Ogbete, yana ɗaukar wa babana buhunan albasa. Dogo ne, baƙi, mai kunya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Na gama sakandare ke nan ina zuwa rumfa taya babana, a nan muka saba. Babana bai yi gardama ba. Ya ce yaron da ba ya ɗaga ido ya kalli babba, kuma ba a rasa shi a sahun farko, ko ba shi da ko tabarma ya isa a ba shi 'ya.

Saura wata uku biki ya ajiye baro. Ya ce ya shiga harka.

Wanda bai zauna a unguwar Hausawa ta Kudu ba ba zai gane yadda kalmar nan take rufe baki ba. Kowa a wajenmu ɗan harka ne. Akwai harkar shanu, harkar albasa, harkar canji, harkar gwangwan. In mutum ya ce ya tafi harka ba a tambayarsa wace iri, don tambayar tana kama da sa ido. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya ɗauki 'yar jakarsa, wani satin Anacha, unguwar Fegge, wani satin Fatakwal, sai Litinin ya dawo. Ya dawo da atamfa, ya dawo da takalmi, har katifa ya sauya mana. Ni kuma in raka shi bakin ƙofa in ce, "Allah ya sa wa harka albarka." Ya ce amin yana kallon ƙasa. Na ɗauka kunyar ƙauye ce ba ta sake shi ba.

Akwai wani shago a bakin layinmu inda dattawa suke zama shan iska. In na zo wucewa sai in durƙusa in gaishe su, su ce amarya ina maigidan, in ce ya tafi harka. Ɗaya daga cikinsu, mai farin gemu, sai ya yi ɗan tari. Wani ya ce Allah ya taimaka, yana murmushi a gefen baki. Na ɗauka zolayar amare ce. Sun sani. Ko ba su san duka ba sun san inda kalmar take nufa in ta fito daga bakin irinsa. Har yau in na tuna tarin nan sai in ji abinci ya fita daga raina.

Ranar Talatar nan da azahar mijina ya shigo, na ajiye masa kwalbar a gaba maimakon abinci. Bai ko razana ba. Ya ce duk maganin gargajiya na ƙasar nan sai da ɗan abin a ciki, in ba haka ba saiwar ba ta sakin ƙarfinta, kuma malamai sun ce lalura ce. Yana magana ina jin ƙanshin kanumfari daga bakinsa, kanumfarin da ni nake saya masa don ya ce yana son taunawa. Ranar ce na dube shi da kyau, irin duban da ban yi masa ba tun muna zance. Ƙashin wuyansa ya fito. Tarin da ya ce na ƙurar mota ne ya kai wata biyu. Ga wasu ƙuraje a bayan kunnensa da damtsensa. Na zuba masa abincin, ya ci loma huɗu ya ture.

Ranar Alhamis da la'asar ya tafi layin banɗaki da bokitinsa, ya bar wayarsa a caji. Mijina bai yi boko ba, sai allo, don haka komai nasa a waya da murya ake yi. Sunayen mutane ma ni nake rubuta masa. Akwai wata lamba da ya ce in sa mata Hajiya, wai ita ce take haɗa shi da masu kaya. Da yatsana na rubuta, har na tambaye shi ko in ƙara mata sunan gari. Saƙon Hajiya ne a sama, na danna na kai kunne.

Muryar namiji ce, mai kauri, amma tana lanƙwasa irin ta mata in suna habaici.

"Ke 'yar nan, wai ba za ki taso ba ne gobe? Na Fatakwal ya iso, ke yake tambaya, ya ce doguwar nan. Ki sha abinki tun a mota, kar ki zo ki tsaya mana kuka irin na rannan. Zancen asibitin nan kuma, wallahi in ba ki koma ba ni da ke ne."

Sau uku na saurara ina neman matar da ake cewa ke. Babu wata mace. Da mijina ake. Na shiga wani guruf na hira da ke ƙasan saƙon, duk muryoyin maza ne, wannan ya ce ƙawata, wancan ya ce ke dalla can, ana ta shewa, ana maganar baƙi da otal da wa ya tafi da wa. Na ji ƙarar bokiti a tsakar gida na ajiye wayar.

Muryar ba ta ɓace min ba, don na san ta. Duk wanda ya taɓa bi ta tashar bayan Ogbete, inda motocin Arewa suke sauke kaya, ya san ɗan daudun nan mai tuwo da soyayyar kaza, wanda direbobi suke tsokana da Hajiya. Babana ya hana mu sayen ko ƙashin kaza a wajensa tun muna yara. Ni ma in na wuce sai in tofar da yawu, haka aka koya mana.

Washegari Juma'a ban jira mijina ya tafi ba, na ce zan je rumfar babana. Wajen sha ɗaya na isa tashar, kafin masu cin rana su taru. Ɗan daudun yana tsaye a kan kasko, ya ɗaura zani a kan wando, yana juya kaji da dogon cokali.

"Lale da amarya," in ji shi. "Yau da kanki? Ko tuwon gida ne ya kama?"

Na ce, "Wace harka mijina yake yi?"

Ya dube ni, ya dubi hagu da dama, ya janye itace daga wuta. "Shigo daga ciki, ƙanwata. Wajen nan kunnuwa sun fi masu saye yawa."

A bayan rumfar, tsakanin buhun gawayi da jarkokin ruwa, ya fassara min kalmar da na shekara ina sa wa albarka. Ya ce a bakinsu harka ba saye da sayarwa ba ce, abin da namiji yake yi da namiji ne, kuma irin su mijina biyansu ake. Ya faɗa a sauƙaƙe kamar mai gaya min farashin kaza. Ya ce baƙin manyan mutane ne, akwai namu akwai Ibo akwai ma'aikatan mai na Fatakwal, yawancinsu da matansu da 'ya'yansu. Akwai mai riƙe da ɗaki a Fegge, akwai wanda ya san otal-otal na Fatakwal, shi kuma yana nan Inugu, duk a waya suke miƙa wa juna baƙi. Yaran ba su da yawa, baƙin ma ba su da yawa, su ɗin ne dai suke zagayawa, wanda ya kwana da wannan a Anacha shi zai kwana da wancan a Fatakwal sati mai zuwa.

Na tambaye shi giyar. Ya ce mijina ba ya iya yi da hankalinsa a jikinsa, ba shi kaɗai ba ma, da yawansu sai sun sha. Baƙi kuma sun gane haka, su suke sayen kwalbar. Ya ce yana raba musu kwaroron roba kamar goro, amma in an sha an bugu wa yake tuna aljihu? Wani baƙon ma da gangan yake jira sai yaro ya daina gane gabansa, wani kuma ya ƙara abin hannu don a bar robar. Da damina ɗaya daga cikinsu ya rasu a Fegge, aka ce taifot ne, aka kai shi aka dawo. Bayan sadakar uku shi da kansa ya tasa biyar daga cikin yaran a gaba ya kai su gwajin ƙanjamau.

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko wani gwangwanin madara daga saman rumfar, ya buɗe ya nuna min ƙwayoyi. Ya ce maganin cutar ne, nasa ne, ya yi shekaru yana sha, ga shi nan garau yana tuƙa tuwon mutum hamsin.

"Mijinki yana cikin waɗanda aka samu," in ji shi. "An ba shi irin wannan, ya watsa a kwata. Wai na'urarsu ce ta yi ƙarya."

Na ce yaushe.

"Wata biyu ke nan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wata biyu ka sani, kana tura masa saƙo ya zo baƙo yana jira, ni kuma ina kwana da shi ɗaki ɗaya. Na ce masa abubuwan da ban taɓa sanin bakina ya iya ba. Ya bari na gaji sannan ya amsa.

"Ya rantse min ya gaya miki. Da na matsa ya ce ba ya kusantarki." Ya gyara ɗaurin zaninsa. "To ni in zo gidan ubanki in yi sallama in ce me? Kafin in gama gaisuwa an fasa min kai da taɓarya. Ki zage ni daga baya, ƙanwata, zagi abincina ne. Yanzu gaya min, yaushe rabonki da shi?"

Wani ƙato da zani a ƙugu yana tambayata abin da ko mahaifiyata ba ta taɓa tambayata ba. Na ce kwana tara.

"Tashi ki tafi asibiti. Kar ki biya gida."

Har yau ban san inda zan ajiye mutumin nan a zuciyata ba. Shi ne yake haɗa su da baƙin, yana sane da abin da yake jinin mijina yake cewa ya taso. Shi ne kuma kaɗai a duk garin Inugu, da masu gemu da masu carbi, ya buɗe baki ya ce min in gudu.

Na hau keke mai ƙafa uku na tafi wani asibiti can nesa, inda na san ba zan haɗu da mai hijabi ba. Nas ɗin wata mata ce mai jiki, Ibo, ta fara yi min Turancin kasuwa a hankali kamar mai magana da kurma, sai na amsa mata da yarenta. Ta ajiye biro ta dube ni sosai. Na gaya mata komai ban da kalmar harka, na ce mijina ne aka samu. Ta soke min yatsa, ta ɗiga jinin a kan wani ɗan farin abu kamar tsinken ashana mai faɗi, ta ce layi ɗaya lafiya, layi biyu akwai. Muka zauna muna kallonsa ni da ita. Layi ɗaya ya fito ya tsaya.

Na fara hamdala ta ɗaga min hannu. Ta ce tukuna. Cutar tana iya shiga ta ɓuya, gwaji bai gan ta ba sai bayan wani lokaci, don haka in ƙirga wata uku daga ranar ƙarshe da ya kusance ni in dawo, ranar ce za ta iya ce min na tsira. Ta ce da a cikin kwana uku na zo, akwai maganin da ake bayarwa ya tare ta, amma kwana tara ya wuce. Ta rubuta min ranar dawowa a wata 'yar takarda. A keke ina ta lissafin kwana ukun nan. Da mijina ya buɗe baki, ko mutum ɗaya daga masu tari a bakin shago ya ja babana gefe.

Na koma gida na tarar mijina ya tafi. Kwana uku ina zaune a ɗakin ina kallon katifar da harka ta saya. Ban kwanta a kanta ba, tabarma na shimfiɗa.

Litinin da rana ya shigo da leda a hannu, ya yi sallama. Na amsa, na bari ya cire takalmi. Sannan na ce, "Sannu da hanya, 'yar nan. Na Fatakwal ya sallame ki?"

Ledar ta faɗi, lemo ya gangara ƙarƙashin gado. Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe baki da hannu, irin yadda yake yi in zai yi dariya, sai kuka. Ya yi magana mai tsawo. Ya ce baro ya kusa karya masa baya, wani direba ne ya fara kai shi, ya ce sau ɗaya ne, daga nan waya ba ta daina ƙara ba. Ya ce ya ɗauka in ya yi aure zai bari. Ya ce in bai sha ba ji yake kamar ya faɗa gaban mota, in ya sha kuma sai ya farka bai san me aka yi da shi ba. Ban ce duk ƙarya yake ba. Wata ƙila da wani ne ya ba ni labarin, a kan wani mutum can, da na ji tausayi. Amma tambayata ɗaya ce, ita na yi ta maimaitawa, wata biyu da ka sani, me ya sa ka taɓa ni?

Ya ce, "Tsoro na ji."

Na ce, "Ni da aka haifa ba tsoro ko? To ga shi ka ba ni naka na riƙe maka."

Na ce ya sake ni. Ya ce in rufa masa asiri, na ce asirinsa yana hannunsa, ni takardata nake so. Ya furta da bakinsa, amma ba ya iya rubutun boko. Na yago takarda daga tsohon littafina na makaranta na rubuta da kaina, ya sa hannu da ajami. Hannun da ya rubuta masa Hajiya a waya shi ya rubuta min saki. Kafin in fita na ce ya koma ya karɓi maganinsa, ba don ni ba.

A gida na ce giya na kama shi yana sha, ban ƙara komai ba. Babana ya yi faɗa, ya ce 'yan boko ba su da haƙuri, ana yi wa mutum nasiha ne ba a tsinke igiya a kan kwalba ɗaya ba. Bayan kwana huɗu dattawa suka zo biko, har da mai farin gemun nan. Ina daga bayan labule ina jin shi yana cewa yaro ne mai neman na kansa, mace ta gari ita take rufa wa mijinta asiri. Na ciji hijabina don kar in fito. Wannan mutumin ya san inda mijina yake zuwa, ya ga ramarsa kamar yadda na gani, kuma ya zo da carbinsa ya mayar da ni kan katifar nan. In da na koma na kamu na mutu, shi zai ja sallar gawata, a ce taifot.

Na ce ba zan koma ba. Aka ce na fi ƙarfin iyayena.

Daga nan na shiga idda, sai ya zama ƙirga biyu nake yi. Mata suna shigowa suna tambaya saura tsarki nawa, in ba su amsa. Ɗaya ƙirgar tana cikin 'yar takardar nas, na naɗe ta na cusa a bangon littafin addu'o'ina. Kowa ya ga ramata sai ya ce zafin saki ne, ai da ma an gaya min. Ni kuwa kowace safiya sai na tsaya gaban madubi na duba harshena, na shafa bayan kunnena ina neman ƙurji. Sauro ya cije ni in yi ta kallon wajen har ya baje. A sati na biyar zazzaɓi ya kwantar da ni, na ce shi ke nan ta fito. Ashe na sauro ne, kwana uku ya sake ni, amma a kwana ukun nan har na zaɓi wadda za a ba wa ɗinkunana.

Bayan zazzaɓin ne na gaya wa Umma, mahaifiyata. Muna tsince shinkafa a faranti, na faɗa mata ina kallon tsakuwa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba, hannunta ne kawai ya tsaya. Ta ce kar babanki ya ji. Washegari na ga an ware min kofi da cokali, an ɗora a kan taga. A makaranta an koya mana ba a ɗauka ta kofi, na gaya mata, ta ce ta sani, don dai hankali ya kwanta ne. Hankalin wa? Shi yana can yana yawo a gari ana gaishe shi, ni da ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi, ni ce mai kofi a taga. Sati guda ban yi mata magana ba sai gaisuwa. Ran nan da rana ina zaune, sai ta ɗauko kofin ta ɗebi ruwa a randa ta shanye a gabana, ta mayar da shi cikin kwanuka.

Tsohon mijin nawa kuwa na ji ya bar Inugu ya koma Fegge. Sau ɗaya mai tuwon tasha ya kira ni, ban san inda ya samo lambata ba. Ya ce in kwantar da hankali, ƙawar tasa ta fara shan magani, shi ya kai ta da kansa. Sai da na yi jim kafin na gane mijina yake nufi. Na tambaye shi ko ya bar zuwa wajen baƙin, ya ce wannan kuma sai Allah. Na kashe wayar ban yi godiya ba. Abin da ya tsaya min shi ne baƙin nan. Kowannensu yana da gida. Akwai wata mata a Fatakwal, wata a Anacha, da take raka mijinta bakin mota ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta da kwalbar da za ta kurɓa bisa kuskure, ba wanda zai ja ta bayan rumfa.

Iddata ta riga ɗaya ƙirgar cika. Mata suka zo barka, aka dafa shinkafa, wata ƙanwar babana har ta fara yi min zancen wani mai shagon atamfa da matarsa ta rasu. Na yi wanka na sa lalle ina murmushi, saura kwana goma sha ɗaya a takardar nas.

Ranar ta faɗo Alhamis. Na ce wa Umma zan je kasuwa, sai na ga ta ɗauko mayafinta. A keke ta riƙe min gefen hijabi kamar yarinyar da za ta ɓata. Nas ɗin ta gane ni, ta ce 'yar Hausa mai yarenmu ta dawo. Ta tambaye ni ko wani ya kusance ni tun ranar, na ce babu. Ta soke yatsan, ta ɗiga jinin, ta ajiye abin a kan tebur tsakaninmu, ta dubi agogon bango. Sha ɗaya saura kwata.

Ban iya kallo ba. Na kalli takalmin Umma, silifas ɗin da ta ɗinke da zare baƙi, ina jin leɓenta yana motsi. Wani yaro yana kuka a ɗakin allura, fanka tana juyawa tana ƙara. Na tuna duk Juma'ar da na tsaya a bakin ƙofa na ce Allah ya sa albarka, na ji haushin ya taso min har wuya, ya ma danne tsoron na ɗan lokaci.

Nas ta ja abin gabanta, ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta juyo da shi ta nuna min. Layi ɗaya. Ta faɗa da yarenta, ta sake faɗa da Turancin kasuwa don Umma ta ji, ta ce babu, yanzu kam babu, na tsira.

Umma ta ce me ta ce. Maimakon in fassara mata, sai na ɗaga mata yatsa ɗaya, wanda aka soke, da audugar a manne. Agogo ya nuna sha ɗaya da minti biyar.